An gyara shafi, an bar kunnen jama'a: yadda jaridun intanet ke gyara kuskurensu

Wata safiya ban ko kurɓi koko ba ƙanwata ta kira ni daga unguwar Talladje, nan Yamai, tana kuka, wai kawu ya rasu. Mota ta kife tsakanin Konni da Tahoua, wani shafin labarai na intanet ya sa sunayen mamatan, ga sunan kawu, ga hotonsa da farar hular nan tasa ta zuwa Juma'a. Na buɗe shafin na gani da idona. Na kira lambarsa, a kashe. Kafin hantsi an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta na ta shigowa gaisuwa, inna kuwa ko magana ba ta iya yi.

Ana kiran azahar sai ga wayarsa. Ashe yana gonar albasa wajen Galmi tun asuba, salularsa ba caji. "Ɗana, lafiya? Na kunna waya na tarar da kira kamar ruwan sama." Haɗarin gaskiya ne, an kuma rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Ɗaya daga cikin mamatan sunansu ɗaya da kawu, har sunan uba. Wanda ya rubuta labarin ya shiga Facebook da sunan, hoton da ya fara faɗo masa ya ɗauka ya liƙa.

Kuskure kam ba wanda ya fi ƙarfinsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Na kira mai shafin, ya ce, "Yi haƙuri babban yaya, yanzu za a gyara." Ba a yi minti biyar ba aka cire hoton kawu, aka sa hoton kwalta ba kowa a kanta. Ko kalma ɗaya babu da ke nuna an taɓa sa wani hoto a wurin. Da dare a fada, wani abokinmu da bai buɗe shafin ba sai bayan la'asar ya miƙo mini wayarsa: "To ina hoton? Ku dai matan gidanku ne suka firgita kansu." Ba don wani yaro ya ɗauki hoton shafin tun da safe ya ajiye ba, da ƙanwata ce za ta kwana da sunan maƙaryaciya.

Ni wannan gyaran sata nake kiransa, domin kuwa haka ɓarawo ke mayar da kaya in ya ji motsi. Kafar ta wanke hannunta, laifin ya koma kan wanda ya karanta ya yarda. A zamanin takarda ba a da wannan hali. In jarida ta fito daga injin bugawa ta fito ke nan, dole a jira fitowa ta gaba a sa ƴar sanarwa, kuskuren da gyaransa duka su zauna a ma'ajiya, mai so ya duba. Intanet ta kawo wa ɗan jarida abin da ya daɗe yana fata, ya gyara rubutu cikin ƙiftawar ido, amma da hannun nan ne kuma ta miƙa masa tsintsiyar share sawu.

Kafafen da suka ɗauki lamarin da gaske ba sa zuba kowane kuskure a kwando ɗaya. In harafi ne ya faɗi, ko waƙafi ya zauna inda ba wurinsa ba, a gyara a wuce, ba wanda aka cuta. Da zarar abin ya taɓa suna, adadi, wuri, rana, muƙami, hoto, ko maganar da aka jingina wa mutum, an shiga wani babi. Nan ƙa'ida ita ce a gyara cikin labarin, sannan a rubuta sanarwa a ƙasansa, in kuskuren babba ne a samansa, da kwanan wata, tana faɗin abin da aka rubuta da farko da abin da yake daidai. Ba sabon zance ba ne. Yarjejeniyar Munich ta 1971, wadda ƴan jaridar ƙasashen da ke aiki da Faransanci suka fi kafa hujja da ita, ta lissafa gyara duk labarin da ya tabbata ba daidai ba cikin wajiban sana'ar.

Editoci na da saɓani kan ko sanarwar ta maimaita kuskuren. Wasu na ganin maimaita ƙarya ƙara mata kwana ne, a faɗi daidai kawai a yi shiru. Ni ina tare da masu cewa a faɗa, a taƙaice. Mai karatu ya riga ya cika baki da abinci, in ba ka nuna masa lomar da ke da tsakuwa ba, wacce zai tofar? Sanarwar da ke cewa "an gyara wasu bayanai a wannan labari" borin kunya ce kawai. Waɗanne bayanai? A lamarin kawu layi biyu sun isa: hoton da muka sa da farko ba na mamacin ba ne, na wani bawan Allah ne mai suna irin nasa, yana nan da ransa, muna ba shi haƙuri shi da iyalinsa. Inda kuskuren ƙazafi ne, aka ce wane ya ci kuɗin jama'a alhali bai ci ba, nan ne ake auna kalma sosai, sau da yawa da shawarar lauya, don kar wajen wanke mutum a sake shafa masa laka.

Wurin da aka fi yin wayo shi ne tsakanin gyara da sabuntawa. In da safe ka ce mutum bakwai suka rasu, da yamma biyu cikin waɗanda ke kwance a likita suka cika, labari ne ya ci gaba. Sai ka sabunta, ka sa lokaci. In kuwa ka ce goma sha biyu alhali bakwai ne tun farko, ka yi kuskure, ko da majiyarka ce ta ɓatar da kai. Shafuka da yawa sai su sa wa na biyun rigar na farkon, su rubuta "an sabunta ƙarfe 16:20" su yi gaba abinsu. Akwai kuma labarin da kowace kalmarsa gaskiya ce, amma in an haɗa su sai su kai mai karatu inda ba nan ba: ka rubuta an kama wane, ba ka ce a ranar aka sake shi ba tare da wata tuhuma ba. Wannan ƙarin haske yake bukata, shi ma a fili.

Muna kuma da kurakuran da ƙasar nan tamu ta Nijar ce ta haife su, ba a koyar da su a littafin kowa. Wakili ya je kasuwar Katako ko ta Wadata ya tambayi mai hatsi kuɗin tiya, a ce ta ce masa ɗari da hamsin. Duk wanda ya tashi a nan ya san dala take nufi, kowace dala kuwa sefa biyar ce, wato sefa 750. Ya turo rahoto da Hausa, yaron da ke gaban kwamfuta yana juyawa zuwa Faransanci ya rubuta 150 F. An raba farashi gida biyar ba tare da kowa ya yi niyyar ƙarya ba. Ɗan Keita, can yankin Ader, da ke ci-rani a Abidjan, wanda kowane wata yake aiko kuɗin abinci, ya karanta ya fara lissafi, zuciyarsa ta fara raya masa ƙaninsa na cin kuɗin gida. Wane edita ne zai san cewa lamba ɗaya ta kunna wuta a wani gida a Keita? Shi ya sa ba na yarda da wanda ke cewa kuskuren adadi ƙaramin abu ne.

Haka sunayen wurare. Akwai Illela a jihar Tahoua, akwai Illela ta Najeriya a jihar Sakkwato, daura da Konni. In aka ce Birni, wani Birnin Konni zai ji, wani Birni N'Gaoure ta jihar Dosso. A Turanci da Faransanci kuwa ƙasarmu da jihar Neja ta Najeriya rubutunsu ɗaya ne, abu ya faru can wajen Minna, dangi a ƙetare su yi ta kiran Yamai. Ga Mahamadou, Mahamane, Mamane da Mohamed, waɗanda mai sauri ke musanyawa kamar hula.

Wani lokaci labarin ne ɗungurungum ba shi da tushe, ba abin gyarawa sai janyewa. Ranar 16 ga Nuwamba 2020 shafin RFI ya saki labaran rasuwa kusan ɗari na mutanen da ke raye, ciki har da Sarauniyar Ingila Elizabeth, da Pele, da tsohon shugaban Senegal Abdoulaye Wade. Al'ada ce a manyan kafafe a rubuta tarihin manyan mutane a ajiye tun suna da rai, don kar mutuwa ta zo ta tarar ba shiri. Ana cikin ƙaura zuwa sabon tsarin kwamfuta sai ajiyar ta ɓalle ta fito fili. Gidan rediyon ya sauke su, ya nemi gafara a bainar jama'a, ya faɗi dalili. Wade, mai shekara 94 a lokacin, ya mayar da abin raha. Sai dai kafin a sauke, shafukan da ke kwasar labarai kai tsaye sun riga sun ɗauka sun baza.

Saboda irin wannan ne kafafe da dama ba sa share shafi gaba ɗaya. Sukan bar adireshin, su cire labarin, su sa bayanin janyewa a gurbinsa, don wanda ya biyo tsohuwar hanya ya tarar da mai gida a ƙofa yana masa bayani, ba kango ba. Kamfanonin dillancin labarai irin su AFP, Reuters da AP sun fi kowa tsari a nan, don sun san ɗaruruwan kafafe ke sha daga rijiyarsu: ta layin da suka aika labarin, ta nan suke aika sanarwar gyara ko ta janyewa ga duk masu karɓa.

Sharewar ma ba ta sharewa. Ma'ajiyar Internet Archive tun 1996 take tattara kwafin shafuka. Adireshin labari sau da yawa daga kanun farko ake ƙera shi, don haka ka canza kanu, tsohon yana nan cikin adireshin yana tona asiri. Ɗan katin da ke fitowa in an tura labari a Facebook ko WhatsApp, mai hoto da kanu, yakan riƙe tsohon hoton, kuma wanda aka riga aka tura cikin WhatsApp ba ya canzawa. Google ma yakan ɗauki lokaci kafin ya koma ya ga sabon. Sanarwar gaggawa da ta riga ta buga ƙara a wayoyin mutane kuwa, wa zai bi ya kamo ta?

A nan ne ainihin ciwon namu yake. A Yamai labari kan fito da Faransanci, amma ba da Faransanci yake yawo ba. Wani ya karanta, ya ɗauki hoton shafin ya jefa a zauren WhatsApp na unguwa. Wani ya danna ya yi saƙon murya da Hausa ko Zabarmanci, ya ƙara ɗan gishiri. Mai bitar jaridu a rediyo ya karanta da safe. Direba ya ɗauke shi a tasha tare da fasinja, kafin magariba ana zancensa a Tahoua, gobe a Abalak. Mafi yawan waɗanda rasuwar kawu ta kai kunnensu ba su taɓa buɗe shafin ba, da yawansu ba su karanta boko ma. Gyaran kuwa, in ma an yi shi, yana zaune da Faransanci a ƙasan shafin da ba wanda zai koma. Kuskure ya canza harshe sau biyu ya hau mota, gyara ko takalmi bai sa ba.

WhatsApp ya yi ƙoƙarin rage gudun. A Janairun 2019 ya kayyade tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, a Afrilun 2020 ya mayar da saƙon da aka riga aka yi ta turawa zuwa wuri ɗaya kacal. Hakan na rage sauri, ba ya dawo da abin da ya fita. Kuma da yake saƙonnin a kulle suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa, kafar da ta yi kuskuren ba ta da hanyar sanin zauruka nawa ya shiga. Wani bincike da masana na jami'ar MIT ta Amurka suka buga a mujallar Science a 2018, kan labarai kusan 126,000 da suka yawata a Twitter daga 2006 zuwa 2017, ya gano cewa gaskiya na ɗaukar lokaci kusan ninki shida kafin ta kai ga mutum 1,500 in an kwatanta da ƙarya. Twitter suka auna, ba fadojin Yamai ba, amma dalilin ba baƙo ba ne a wurinmu. "Wane ya rasu" abin turawa ne da gaggawa. "Ashe wane bai rasu ba" sai a ce alhamdu lillahi a ajiye waya. Wanda ya tura na farko ma kunya yake ji ya tura na biyu, don kamar ya ƙaryata kansa ne gaban dangi.

Doka fa? Wanda aka ambata a labari yana da haƙƙin mayar da martani, abin da muka gada daga tsarin Faransa. Dokarsu ta 29 ga Yuli 1881 ta wajabta wa jaridar kullum ta buga martanin mutum cikin kwana uku, a wurin da aka sa labarin, da haruffa masu girma ɗaya. Ku lura da wannan sharaɗi: tun wancan lokaci sun gane dabarar yin ɓarna a shafin farko a nemi gafara a lungun shafi na goma sha huɗu. A 2004 suka faɗaɗa haƙƙin zuwa intanet, mutum na da wata uku ya nema. A Nijar, dokar 4 ga Yuni 2010 kan ƴancin aikin jarida, wadda ta cire ɗauri kan laifuffuka irin su ɓata suna a jarida, ta tanadi haƙƙin gyara da na martani. Amma kar a haɗa su. Martani fili ne aka ba ka ka faɗi naka, kafar ba ta amsa laifi ba. Gyara kuwa kafar ce da bakinta ke cewa ni na yi kuskure.

Wannan furucin ne ke da nauyi, kuma ba girman kai kaɗai ke hana shi ba. Dokar yaƙi da laifuffukan intanet ta 2019 ta tanadi ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet, da yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. A 2022 aka cire ɗaurin kan ɓata suna da zagi, a Yunin 2024 aka mayar da shi. Mai ƙaramin shafi da ke da wannan a ransa, rubuta "mun yi kuskure" yakan zame masa kamar sa hannu kan takardar amsa laifi, sai ya ga sharewa cikin dare ta fi masa kwanciyar hankali. Na fahimci tsoron, amma lissafin bai fita ba. Hoton shafin na nan a wayar wanda aka cuta, kuma mutumin da aka ba haƙuri a fili da wuri ba kasafai yake neman hanyar komisariya ba. Wanda aka yi wa shiru, aka nuna kamar ba abin da ya faru, shi ne ke tafiya. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Akwai kuma ƙarancin hannu. Jaridar Guardian ta Ingila tun 1997 ta ware edita guda wanda aikinsa karɓar koken masu karatu da buga gyare-gyare. A nan shafuka da yawa mutum ɗaya ne darakta, shi ne edita, shi ne wakili, shi ne mai yawon neman talla, yana kuma tsere da wasu goma kan wa zai fara sa labari. Lambar da ke ƙasan shafi wani lokaci ko shiga ba ta yi. Ƴan jarida sun kafa wata ƙungiya mai suna ONIMED don su riƙa yi wa junansu hisabi kan ɗa'ar aiki, amma talakan da aka sa hotonsa cikin mamata bai san da ita ba, balle hanyar zuwa. Sau da yawa sai in ka san wanda ya san mai shafin.

Wasu kuma sukan ce ai lokaci ya wuce, tono tsohon labari ta da zaune tsaye ne. Ranar 13 ga Janairu 1920 jaridar New York Times ta yi wa masanin kimiyya Robert Goddard ba'a, ta ce roka ba za ta iya tafiya inda babu iska ba. Ranar 17 ga Yuli 1969, kwana ɗaya bayan tashin kumbon Apollo 11 zuwa duniyar wata, ta buga gyara ta ce ta yi nadamar kuskuren. Shekara 49 ke nan, Goddard ma ya daɗe da rasuwa. Abin na da ban dariya, amma a intanet ya fi ƙarfin dariya, don tsohon labari ba ya tsufa. Yarinyar da aka liƙa wa sunanta abin kunya bisa kuskure, duk ranar da dangin mai neman aurenta suka rubuta sunan a Google, sabo fil zai fito musu.

Abin da nake nema wurin masu shafukanmu bai kai kuɗin katin waya ba. In labarin ya fita a Facebook, gyaran ya fita a Facebook a matsayin sabon rubutu, ba a ɓoye cikin tsohon ba. In an tura shi zaurukan WhatsApp, a koma zaurukan nan. In hoto ne ya yi ɓarna, a yi wani hoton mai kalmar gyara da manyan haruffa, wanda shi ma za a iya turawa. A kira gidajen rediyon da suka karanta shi a bitar jaridu. Sannan, abin da ban taɓa ganin ƙaramin shafi ya yi ba a irin wannan hali, mai shafin ya danna wayarsa ya yi saƙon murya na rabin minti da Hausa da Zabarmanci, ya faɗi sunansa da sunan kafarsa, ya ce hoton da muka sa da safe ba shi ba ne. Da muryar nan ta shiga zauren danginmu kafin hantsi, da ba a shimfiɗa tabarmi ba.

Bayan kusan wata biyu kawu ya zo Yamai kawo albasa, ya sauka gidanmu. Muna zaune bayan la'asar aka yi sallama. Wani tsohon abokinsa ne da ya dawo daga Abidjan, ya ce ba zai wuce Tahoua ba sai ya biyo ya yi wa inna gaisuwa, don can ma sun taru sun yi wa mamacin addu'a. Kawu ne ya tashi ya ɗaga labule. Mutumin ya ja baya har ya taka buta, yana salati. Kawu ya kama hannunsa ya ce, "Shigo Alhaji, ni ne. Addu'ar kuma na gode, a bar mini ita ajiya."